Gayyar da Ba Ni Na Kira Ba

Ni mutum ne mai son gardama, kuma ba yau na fara ba. Matata takan ce ko da bango aka bar ni a ɗaki sai na nemi abin da zan musa masa. To a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, gardama ce ta biyo ni har gida, ba sai na fita nemanta ba.

Mu Hausawa ne Kiristoci, 'yan wani ƙaramin ƙauye tsakanin Kibiya da Nariya. Cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, masallacin unguwa kuma yana gaba kaɗan, bayan rijiya. In aka bi salsala, kakanninmu ɗaya da yawancin masu salla a cikinsa. Ina koyarwa a wata firamare a Rano, shi ya sa kowa yake kirana Ticha, har surukata. Ranar Lahadi ni nake karatu a gaban jama'a, in fasto ya yi tafiya kuma ni nake wa'azi, kuma ba na ɓoye muku, ina jin daɗin ranar da ya yi tafiyar.

A lokacin nan magana ɗaya ce a bakin kowa, daga teburin mai shayi har tashar motar Kibiya: haddi, bulala, kisasi. Hankalin mutanenmu na coci ya tashi, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma akwai abubuwan da nake tsoro. Amma a kan abu ɗaya na kafe, wanda ya kashe rai a kashe shi. Na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa a taron dattawan coci, na faɗa a wa'azi har sau biyu. Ina da ayoyina, duk na ja musu layi da jan biron da nake duba jarrabawar yara da shi.

Fastonmu dattijo ne mai sanyin hali, mutumin wajen Rurum. Wata rana bayan an tashi sujada ya riƙe hannuna ya ce, “Ticha, Ubangijinmu ma fa hukuncin kisa aka yi masa, kuma hukuma ce ta yanke.”

Na ce, “Baba Fasto, shi ai bai yi laifi ba. Ni maganar mai laifi nake yi.”

Ya ce, “Ɓarawon da aka gicciye a gefensa fa, wanda ya yi wa alkawari a ranar?”

Na ce, “Alkawarin sama ya yi masa, bai ce a sauko da shi ba.”

Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kai dai ba a gamawa da kai. Je ka, tuwonka zai huce.”

Duk ƙauyen an san daga inda zafin nan nawa ya fito, ba wanda yake faɗa ne kawai. Shekara huɗu kafin nan aka kashe ƙanena. Shi da wani abokinsa, ɗan wani ƙauye ta yammacinmu, suna noman rani a fadama, tumatir da albasa, fegi kusa da fegi, hanyar ruwansu ɗaya. Tare suke cin abinci, tare suke kai kaya kasuwa. Ranar suka yi cacar baki a kan wa zai fara ba da ruwa, abokin ya ɗaga shebur, bugu ɗaya. Shi da kansa ya saɓo shi a kafaɗa yana ihu har bakin titi, amma kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Babbar kotu a Kano ta yanke masa hukuncin rataya. Ba ma kotun shari'a ba ce, ta gwamnati ce da aka saba tun da. Aka kai shi kurkuku yana jiran rana.

Sai wani lauya ya gaya wa danginsa cewa akwai ƙofa ɗaya da ta rage. In masu jini suka rubuta cewa sun yafe, za a haɗa da takardar roƙon sassauci a kai wa gwamna, wataƙila a mayar da rataya ɗauri. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙanena kuma bai yi aure ba, don haka masu jinin mu biyu ne, ni da Inna mahaifiyarmu. Inna ta faɗi nata tun ranar farko. Ta ce, “Ni na yafe. Ban iya rubutu ba, amma ga ɗan yatsana, duk ranar da ka shirya.” Lauya ya ce sai da hannun mu duka biyu, ni kuwa na ce ba ranar.

Sau uku dattawan ƙauyensu suna zuwa. Ina shimfiɗa musu tabarma, in ba su ruwa, in raka su har bakin hanya, takardarsu kuma ta koma yadda ta zo. A na ukun ne suka haɗo ni da maƙwabcinmu, Malam mai makarantar allo, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, kuma duk ƙauyen shi kaɗai ne yake iya gardama da ni har ya sha ruwa ya dawo.

Ya ce, “Ticha, ni abin har dariya yake ba ni. Mu da ake cewa mun kawo zafi, a wurinmu in mai jini ya yafe an gama, har an fi yaba wa mai yafewar. Ku kuma da kuke hana mu jin karatun yara da waƙar gafara duk Lahadi, kai ne ka riƙe igiya?”

Na ce, “Malam, a zuciya na yafe masa, Allah ya sani. Amma gafarar zuciya daban, hukuncin hukuma daban.”

Ya ce, “To ciro zuciyar mu buga mata hatimi mu kai Kano.”

Na yi dariya, don maganar ta yi daɗi, amma ban sa hannu ba.

Damina ta sauka. Akwai gonar tudu ta gadonmu wadda ƙanena yake nomawa, babba ce, tana bayan gari. Tun rasuwarsa ni nake fama da ita, kuma gaskiya malamin makaranta ba manomi ba ne, manomin Asabar ne. A shekarar na shuka dawa ta fito da kyau, sai jarrabawar ƙarshen zango ta riƙe ni a Rano, ciyawa ta samu sarari. Da na leƙa gonar sai da na sunkuya kafin in gane wacce ce dawar. Masu wucewa suna yi mini sannu da wata irin murya da ba na so.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanke babur, sai na jiyo gangar noma ta bayan gari. Na ce wa matata, “Wa yake gayya yau ba a gaya mana ba?” Ta sunkuyar da kai a kan turmi tana daka, kafaɗunta suna rawa. Na san wannan rawar kafaɗar, dariya ce take ɓoyewa. Na sa takalmi na fita.

Gonarmu ce. Maza sun kai talatin sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan, kowa da fartanyarsa, makaɗi yana bin su a baya. Na gane fuskokin. Mutanen ƙauyen wanda ya kashe ƙanena ne, 'yan'uwansa da abokansa, a gonar ƙanena, da kiɗa. Ban ƙarasa ba. Na juyo gida ina huci, na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince kuɓewa.

Na ce, “Inna, wa ya kira su?”

Ta ce, “Ni. Malam na bai wa goron ya kai.”

Na ce, “Ba da sanina ba?”

Ta ce, “Ciyawar ma ba da saninka ta fito ba.”

Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Shawarar da na yanke ita ce ba zan fita ba, ba zan gaishe su ba, su gama su tafi. A nan ne na yi kuskuren lissafin halina. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ka'idar gayya. Ba a biyan kowa, amma mai gona shi zai fita ya yi wa mutane sannu da aiki, ya kai ruwa da goro, ya ciyar da su su ƙoshi, ya zauna ya sa hannu a kwano ɗaya da manyansu. Gidan da aka yi wa gayya aka tashi da yunwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ni kuwa zan iya jure a ce mini mai taurin kai, har daɗi nake ji, amma a ce mini marowaci, wannan ba zan iya ba. Inna ta haife ni, ta san inda za ta kama.

Matata ta tsaya a bakin taga ta ce, “Maigida, tuwo dai za mu tuƙa. Miyar fa? Ta lami za a kai musu, ba ko ƙashi, a je a faɗa a kasuwar Kibiya cewa a gonar Ticha aka ci?”

Ina da wani bunsuru da nake kiwo tun bara don Kirsimeti, na ƙoshe shi da dusa da harawa har ba ya iya tsallake turmi. Na ji kaina ina cewa ta cikin ƙofa, “A kira Malam ya yanka.” Haka muke yi in baƙi Musulmi za su ci, maƙwabci ake kira ya sa wuƙa don kowa ya ci da kwanciyar hankali. Ban rufe baki ba na ji sallamarsa a zaure. Ashe tun safe ya wasa wuƙar yana zaune yana jira.

Da na fito ya dube ni ya ce, “Ticha, Kirsimetin bana ta zo da wuri.”

Na ce, “Malam, yanka kawai, ban da wa'azi.”

Kafin ka ce me, gidan ya cika. Matan zumunta na cocinmu sun zo da tukwanensu, suna tuƙi suna waƙa, wata ta kifa ƙwarya tana kaɗawa da ludayi. Matan ƙauyen can su ma sun iso da itace a ka. A cikinsu na hango mahaifiyar wanda yake kurkuku, ta rakuɓe a bakin zaure ta kasa shigowa. Inna ta tashi ta kamo hannunta, ta miƙa mata muciya ta ce, “Zo ki karɓe ni, hannuna ya gaji.” Na ɗauki tulun ruwa da ƙullin goro na nufi gona, ina gaya wa kaina cewa al'ada kawai zan cika.

Na tsaya a bakin gona na ce, “Sannunku da aiki.” Suka amsa gaba ɗaya, “Yauwa Ticha, sannu da zuwa,” ba wanda ya ɗago ya ƙura mini ido, ba wanda ya ambaci takarda. Aikin kuwa ya yi kyau, ba na ƙwace musu. Inda suka wuce ƙasa ta yi baƙi, dawa ta tsaya tsaf tana shan iska. Samari suna tsere, kowa yana son ya riga kai layinsa ƙarshe, makaɗi yana zuga na gaba yana tsokanar na baya.

Na bayan kuwa mutum ɗaya ne, kuma ya yi nisa a baya. Tsoho ne, mahaifin wanda ya yi kisan. Na san shi da ƙarfinsa, amma shekarun nan sun cinye shi. Sai ya yi sara uku ya dafa ƙugu, ya sake sunkuyawa. A gayya, wanda ya gama layinsa yakan juyo ya tari na baya, amma duk saurayin da ya nufo shi sai ya ɗaga masa hannu ya kore shi. Na tsaya da tulu ina kallo, raina yana ƙuna. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin ganin sa'an mahaifina yana haki a gonarmu ni ina tsaye da takalmi sau-ciki. Ban san lokacin da na ajiye tulun ba.

Na ce, “Baba, kawo fartanyar.”

Ya ce, “A'a Ticha, bar shi, nawa ne.”

Na ce, “Gonar tawa ce. Kawo.”

Mai gona ba a korarsa, dole ya sakar mini. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na sunkuya. Makaɗin nan kamar jira yake, ya taho har bayana ya sake kiɗa yana cewa, “Ga Ticha mai jan biro, yau biro ya huta! A ba shi maki nawa, jama'a?” Samari suka ɗauka, wannan ya ce uku cikin goma, wancan ya ce a ƙara masa ɗaya don wando. Na ji dariya ta taso mini na danne, ta ƙi dannuwa. Na yi sara ina dariya, gumi yana shiga idona, tafin hannuna ya yi bororo tun ban kai rabi ba. Da na kai ƙarshe aka yi shewa kamar na ci kokawa, har na ɗaga fartanya sama, Allah ya yafe mini son yabo.

Na dawo wurin tsohon na miƙa masa ruwa. Sai a lokacin na lura ashe layi biyu ya ɗauka, shi ya sa ya yi baya.

Na ce, “Baba, kai da ka fi kowa shekaru, me ya kai ka ɗaukar biyu?”

Ya sha ruwan ya goge baki ya ce, “Ɗaya nawa ne, na gama shi. Wanda ka ƙarasa na wanda bai samu zuwa ba ne. Da yana nan, shi zai riga kowa shiga gonar nan.”

Na juya na dubi layin. Tas na nome shi, ko ciyawa ɗaya ban bari ba. Na so in yi fushi, na laluba ko'ina a cikina ban same shi inda na saba ajiye shi ba. Tausayi ne ya kama ni, na tsohon, da na ɗansa, da na kaina.

Da azahar suka yi salla a gindin ɗorawa, mu kuma muka jera kwanuka. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, ga naman bunsuruna yana iyo a ciki. Na zauna kwano ɗaya da tsohon da Malam da fasto, wanda ban san wa ya gaya masa ba, amma ya iso daidai lokacin da aka buɗe kwano. Fasto ya sa albarka a tasa hanyar, su suka yi bisimilla, muka sa hannu. Malam ya tsamo tsoka ya ce bai taɓa cin naman da aka yi kiwonsa da gardama ba sai yau, kuma ya yi laushi. Har tsohon sai da ya murmusa. Na ci na ƙoshi, rabon da abinci ya yi mini daɗi haka na manta. Da yamma na raka su bakin hanya na yi musu godiya, suka tafi. Har suka ɓace ba wanda ya ce mini komai a kan takarda.

Kada mai karatu ya ɗauka an kayar da ni a gardama, don ba a kayar da ni ba. Har yau ayoyin nan suna nan da jan layinsu. Har yau ina ganin Kirista zai iya cewa hukuma tana da ikon hukunta mai kisa da kisa, bai fita daga bangaskiyarsa ba, kuma na san masu tsoron Allah da suke kan haka. Abin da na gane a gonar nan ƙarami ne. Shekara huɗu ina amsa tambayar da ba a yi mini ba. Ba wanda ya tambaye ni abin da hukuma take da ikon yi. Ni aka tambaya, mai jini, ko ina son a kashe ɗan tsohon nan da sunan ƙanena. Muddin ina maganar hukuma bakina ba ya rawa. Da na gwada faɗin “ina so” a zuciyata, da ɗanɗanon miyar da muka ci tare a bakina, sai ta ƙi fita.

Ranar Lahadi bayan sujada na aika aka kawo takardar. Na sa hannu a kan bencin coci, da ƙyar na riƙe biron saboda bororo. Inna ta dangwala yatsa ta goge a bakin zanenta. Fasto ya buɗe baki zai yi magana na ce, “Baba Fasto, in ka ce ka ci gardama zan karɓe abata.” Ya rufe bakinsa, idonsa yana dariya.

Daga nan sai jira. Aka girbe dawa, aka yi rani, wata daminar ta sake zagayowa, shiru. Na fara tsoron ko na makara, kuma wannan tsoron ya fi fushin da nauyi. Duk sanda na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in fito in leƙa.

Wata Talata da rana tsaka, ina dawowa daga makaranta ke nan, sai ga tsohon a ƙafa, ya yi tafiyar nan duka ba hula. Ya tsaya a tsakar gidanmu ya miƙo mini wata takarda da ta jiƙe da gumin hannunsa. Na karanta a zuci, na sake karantawa da ƙarfi don Inna ta ji. An soke rataya, an mayar da ita ɗauri. Zai rayu.

Inna ta ajiye faifan da yake hannunta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ta sake, ta sake. A ƙauyenmu in aka ji guɗa da rana tsaka ba biki ba, haihuwa ce. Nan da nan mata suka fara faɗowa gidan, na coci da na masallaci, wata da kumfar sabulu a hannu, wata da goyo a karkace, suna dube-dube suna tambaya, “Barka, barka! Wa ta sauka? Me aka samu?”

Inna ta share hawaye da bayan hannu ta ce, “Namiji aka samu. Shekararsa talatin da biyu.”